Rautar Asibiti da Aka Raba Kamar Naman Layya

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, Jihar Zamfara.

Daga:
Maimunatu Abdussalam, Jami'ar Lafiya,
Ƙaramin Asibitin Tungar Sanda.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, 2025.

Game da: Rarraba sabuwar na'urar intanet ta asibiti

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Shekara huɗu muna amfani da tsohuwar rauta, akwati ɗaya mai ƙaho biyu da ke ba mu intanet. Da ita likitan wata ƙungiyar agaji yake duba yaranmu masu gubar dalma ta bidiyo duk ranar Talata. Aibinta ɗaya: ƙarfinta ba ya ƙetare katangar ofis, sai mu riƙa ɗauko yara marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa bakin taga. Da wahala, amma aiki yana tafiya.

2. Ranar 6 ga Fabrairu ƙungiyar ta aiko da sabon tsari da ake kira mesh. Akwati uku ne, uwa ɗaya da 'ya'ya biyu. Uwar ce ke karɓar intanet, ta miƙa wa 'ya'yan daga ɗaki zuwa ɗaki, kamar yadda magina ke miƙa tubali. Da an haɗa su, da likita ya ga yaro a kan gadonsa.

3. Washegari bayan Juma'a, ina can rigakafi a ƙauye, shugaban kwamitin asibiti, Malam Bature, ya buɗe kwalin. Da ya ga uku, sai ya yi abin da aka saba yi in alheri ya shigo gari: ya raba. Uwar, tun da ta fi girma, aka kai wa mai gari. Ɗaya ya ɗauka ladan wahalarsa. Aka bar wa asibiti ɗaya. Tsohuwar kuwa ya ba masu jari bola, wai ta tsufa. Ko tambaya bai yi ba!

4. Ranka ya daɗe, 'yar da aka bar mana ba ta iya komai ba tare da uwarta ba. Ta gidan Malam Bature ma haka. Ita kuwa uwar na gan ta da idona a zauren mai gari, an ɗora ta a kan kantar kaya an lulluɓe ta da ƙyalle kada ƙura ta taɓa ta, ko wuta ba a haɗa mata ba. Wallahi abin ya ba ni ƙyama. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

5. Na yi wa Malam Bature bayani har sau uku. Ya gane kuskurensa sarai, amma ya ce shi ba zai iya zuwa ya karɓo kyautar da ya kai wa babba da hannunsa ba. Wato kunyarsa ta fi lafiyar yaran mutane nauyi.

6. Talata biyu ke nan, 11 da 18 ga wata, likita bai ga kowa ba. Akwai yarinya 'yar shekara uku, Basma, da ke kwance tana jijjiga. Ba ni da ikon canza mata magani sai da umarnin likita. Mahaifinta ya ce in Talata ta sake wucewa haka zai mayar da ita gida, gidan da ake niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida, inda ta kwaso ciwon.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya rubuto takarda mai hatimi da ke cewa na'urorin kayan hukuma ne, a dawo da su. Ta haka mai gari zai bayar ba tare da an ci fuskarsa ba, shi ma Malam Bature ya samu abin fakewa. Ba hukunci nake nema wa kowa ba. Ina roƙon takardar ta iso kafin Talata, 25 ga wata, domin bayan ranar ko an dawo da akwatunan, gadon Basma babu kowa a kai.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Maimunatu Abdussalam