Wannan Karon Ba Haƙuri Zan Ba Ki Ba

Zuwa ga Rumasa'u, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshen ƙirjina, inuwar mangwaron da matafiyi ke hange tun daga nesa, hasken nan guda ɗaya da ba ni na haɗa wayarsa ba. Sallama a gare ki, da gaisuwa mai yawan ganyen ɗorawar bayan gidanku na Orozo.

Kada karkacewar rubutuna ta tsorata ki. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kayar da ni, yau kwana huɗu. Ni Zakiyyu! Ni da na shigo Abuja da kayana a leda, na fara da riƙe wa wasu tsani, har Allah Ya ba ni shagon sola na kaina a Nyanya. Ni da nake hawa rufin bene da rana tsaka ko hula babu, ga ni sauro ya shimfiɗe ni kamar tabarma. Likita ya ba ni magani, ya ce in kwanta. Maganin na iya sha, kwanciyar ce ban taɓa koya ba.

Jiya da hantsi, da kallon silin ya ishe ni, na laluba jakar aiki, sai ga filas ɗin nan naki na finafinai, ɗan mitsitsin da ake soka wa talabijin. Kin tuna asalinsa? Ranar da na zo gyaran inbata, na'urar wutar sola, a gidanku, ana yayyafi, kina falo a dunƙule cikin bargo, mura ta mayar da hancinki jajur kamar nunannen tumatir. Ina ɗaura wayar ƙarshe wuta ta dawo, talabijin ya ɗauko daga tsakiyar fim, daidai inda wani saurayi ya zame cikin kududdufi da furanni a hannu. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Wayyo wannan dariya! Na tsaya da filaya a hannu na manta abin da ya kawo ni. Don in kare girmana na ce wannan kallon marasa aikin yi ne. Kika ce ƙwayar likita ta jiki ce, wannan kuwa zuciya yake jinya. Da muka saba kika cika mini filas ɗin, kika ce in ajiye, ranar da na kwanta zan neme shi.

To, na neme shi, tauraruwata. Fim uku na kalla kafin la'asar. Ashe gaskiyarki! Yanzu na gane sirrin: mara lafiya ba ya son labarin da bai san ƙarshensa ba. Tun minti goma na farko na san wa zai auri wa. Su yi faɗa, su yi gaba, su yi ta shirme, ni dai hankalina kwance, don na san za su dawo. Kamar kunun tsamiya mai ɗumi, ba sabon abu ba ne, shi ya sa yake shiga. Ciwon kai ya sassauta, na yi dariya ni kaɗai har gumi ya karyo. Maƙwabciyata Madam Angela ta kawo mini farfesu, ta same ni ina goge ido. Ta ce, "Oga Zakiyyu, kai ne yana kuka don soyayyan Turawa?" Na ce barkononta ne. Ta ce ai ko murfin kwanon ban buɗe ba.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san karatuna a sakandare ya tsaya, rubutun nan na ƙasan allo ya fi ni gudu, sai na riƙa tsayar da fim ina bin sa kalma kalma. A nan na lura da wani abu. Duk ukun, idan namijin ya ɓata wa macen, ba ya cewa ta yi haƙuri. Cewa yake shi ne ya yi kuskure. Na mayar baya, na sake karantawa. Sai maganarki ta faɗo mini kamar tsani a ka.

Ranar sunan 'yar yayarki a Paikon Kore, na yi alkawarin kai ki, na bi aiki na manta, kika tsaya a bakin titi da kwalliyarki har ruwa ya jiƙa ki. Da na kira, me na ce? Ki yi haƙuri. Kika ce kullum ni ne mai laifi, ke ce mai aikin haƙuri, to ni mene ne nawa aikin? Na ji haushi, na ce ai na ba da haƙuri, me kuma ake so? Na kashe waya. Sati uku ke nan ina jiran ki fara kira, don wai ni ban saba durƙusa wa kowa ba. Kaico! Ashe "yi haƙuri" kaya ne nake saukewa daga kaina ina ɗora miki. Ni in yi ɓarna, ke in ba ki aiki. Wane irin mai gyara ne wannan, da zai ƙona waya ya miƙa wa mai gida filaya?

Don haka ki saurara, zumar zuciyata, ga shi da hannuna don kada gobe in musa: ni na yi kuskure. Laifina ne, ba na ruwan sama ba, ba na aiki ba. Ki yafe mini.

Yayanki Aminullahi, wanda zai miƙa miki wannan takarda, ya zo duba ni, ya ce ranar Asabar za ki shiga motar farko a tashar Nyanya, kin sami aikin koyarwa a Lafiya. Ba aikin nake roƙon ki bari ba, guminki ne, kuma Lafiya ba bayan duniya ba ce. Roƙona kada ki tafi da maganarmu a rufe. Ki ba ni izini in turo kawunnaina wurin Baba. Ina amfanin in haskaka gidajen rabin Abuja, nawa yana duhu?

A finafinan nan namijin yakan sheƙa da gudu ya tare mota. Ni har yanzu zazzaɓi bai gama sakina ba, kuma a cunkoson Nyanya ba motar da ke buƙatar a bi ta da gudu. Za ki same ni tsaye kusa da mai shayin bakin ƙofa tun kafin a fara lodi. Saura fim ɗaya a filas ɗin, na ƙi buɗe shi. Ba don ban san yadda zai ƙare ba. Namu ne ban sani ba, kuma a hannunki yake.

Naki, a kwance da a tsaye, muddin rana tana fitowa ta bayan dutsen Karshi,
Zakiyyu