Rigar Sanyin Silviu

Valea Rece, 19 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Aglaia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya birnin Torino, yaya tsohuwar da kike jinya? Ina fatan ciwon bayan naki ya lafa, don na san halinki, sai ki ciccibi matar nan ke kaɗai ki ƙi kiran kowa. Mu nan an cire masara, an tsinke inabi. Maigidana Octav yana gaishe ki.

Yaya, na sake ganin Silviu a mafarki, kuma ba takalmi. Yana tsaye a ƙofar kicin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar yadda yake yi yana yaro. Kin san ɗan nan nawa da sanyin ƙafa, ko a tsakiyar zafin watan Agusta da safa yake kwana. Yaron da ya rasu shi kaɗai cikin babbar motar da yake tuƙawa, a wani filin ajiye motoci a Jamus, ƙanƙara ta rufe ko'ina, a ce har yanzu yana jin sanyi? Raina ba zai ɗauka ba. Na je kasuwar Vaslui na sayo rigar fatar tunkiya mai gashi a ciki, da takalman sanyi. Ranar Asabar ɗin da coci ke tunawa da matattu zan miƙa su ta kan kabarinsa ga Gavril, tsohon makiyayin nan da ke kwana a bayan injin niƙa, don tsayinsu ɗaya. Yadda Inna ta yi wa Baba haka zan yi. Tun muna yara aka gaya mana duk abin da aka bayar nan da sunan mamaci yana isa gare shi can.

Sai labarin Malam, wato Octav ɗin nawa. Kin san rabin rayuwarsa ya yi ta yana koyar da addini a makarantar gari. To tun bayan jana'iza, duk Alhamis sai ya saka kwat ya hau motar birnin Iași. Na ce masa, “Malam, in mace ce ka gaya mini, in aika mata da maganin hawan jininka.” Ya ce in zo in gani da idona. Na kuwa bi shi.

Wani ɗaki ne a saman gidan burodi. Mutane kaɗan, kujeru a zagaye, kyandir a tsakiya. Kiristoci ne duka, wai, amma ba firist, ba turare. A bango akwai hoton Almasihu irin na coci, da zoben zinariya kewaye da kai, sai dai wurin fuskar fari fat. Na ce, “Fenti ne ya ƙare muku?” Suka yi dariya. Wata mai aikin jinya ta ce da gangan ne, ita a wurinta Yesu shi ne majinyacin da ba mai zuwa duba shi. Wani da ya taɓa zama fasto, yanzu yana gyaran kekuna, ya ce ya daina neman amsa wurin Yesu, don Yesun kansa tambaya ne. Wata yarinya mai ɗan kunne a hanci ta ce Linjila huɗu ce, kowace da yadda ta ba da labarinsa, magabata ba su ƙona ko ɗaya ba, don me za a ce fuska ɗaya ce tasa? Da aka zo kan Octav sai ya ce Yesun da ya rage masa shi ne wanda ya yi kuka a kan gicciye yana tambayar Allah dalilin da ya yashe shi, kuma ba a amsa masa ba.

Ban gane rabin zancensu ba, shayinsu ma salam. Amma ba zan ɓoye miki ba, tun da ya fara zuwa yake cinye tuwon masararsa, kuma addu'arsa ta fi ta da yawa. Saboda haka na zuba masa ido.

Ki sha maganinki. Allah ya tsare ki a ƙasar mutane.

Ƙanwarki,
Profira

Valea Rece, 9 ga Nuwamba

Yaya Aglaia,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta tsohuwarki. Saƙonki ya iso, na gode da kyandir ɗin da kika kunna wa Silviu a cocinku na can. Jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

An yi sadakar. Na dafa alkama da zuma da gyaɗar bishiya, Fada Iustin, limamin cocinmu, ya yi addu'a ya zuba ruwan inabi a kan kabari. Na tsaya ta wannan gefe, Gavril ta wancan, na miƙa masa rigar da takalman na ce, “Don ran Silviu.” Ya ce Allah ya karɓa. Nan take ya cire tsummokaransa ya saka, yana ta shafa gashin rigar yana cewa, “Baiwar Allah, ko ranar aurena ban sa irin wannan ba.” Wallahi, Yaya, na ji kamar an sauke mini buhu daga wuya. Na ce yau ɗana zai yi ɗumi.

Da a ce mun dawo gida shiru, da shi ke nan. Muna hanya Octav ya kama hannuna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Profira, yau kin tufatar da Yesu da kansa.” Na ce, “Wane Yesu? Silviu na tufatar.” Ya ce ai Gavril ne Almasihu a ƙauyen nan, ba sai an je nesa ba. Sai na tsaya cak a kan gada. Na ce, “Malam, ba darasi na tambaye ka ba. Rigar ta isa wurin yaron ko ba ta isa ba?”

Kin san mutumin nan bai iya ƙarya ba, ko farashin alade bai iya ƙarawa. Ya ce, “Ban sani ba.” Na ce to Yesu ya tashi daga kabari ko bai tashi ba, da jikinsa, da ƙafafunsa? Ya ce wani abu ya faru da almajiran, abin da ya fi ƙarfin bakinsu, ba su sami yadda za su faɗe shi ba sai ta wannan labari, kuma labarin gaskiya ne ta yadda yake tayar da mutane har yau. Na ce, “Ni ba mutane na haifa ba. In shi bai fito da ƙafafunsa ba, nawa da wace ƙafa zai fito?” Ya ce Silviu yana cikin ƙaunar Allah. Na ce, “A ina? Yana jina? Zan gan shi?” Sai ya ce Yesun da ya sani bai yi masa alkawarin wannan ba, zama kawai yake yi tare da shi a cikin rashin.

Na zage shi, Yaya, a gaban matar mai kanti. Na ce ya tafi ya zauna da Yesunsa marar fuska su yi ta kallon juna. Bai rama ba. Da ya rama da na ji sanyi.

Washegari na je wurin Fada Iustin. Ya ce mini rigar ta isa, Almasihu ya tashi, matattu za su tashi, kada in saurari ’yan birni. Duk abin da nake so in ji ya faɗa. Amma ina kallon bakinsa sai na ji wata murya a cikina tana cewa, shi kuma ta yaya ya sani? Ban taɓa yin wannan tambayar ba tun da aka yi mini baftisma. Na fito daga cocin ina jin tsoro.

Ki yi mini addu'a, don ni na kasa yin tawa.

Taki,
Profira

Valea Rece, 2 ga Fabrairu

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ki yafe mini shirun da na yi. Na ga kiranki ranar Kirsimeti, na kasa ɗauka. Ƙanƙara ta kai gwiwa, ruwan famfo ya daskare, amma muna da itace. Kin tambayi jikina: na rame, siket ɗina sai da na ɗaure da igiya.

Octav ya daina zuwa Iași. Ba ni na hana shi ba. Ya ga na daina kunna fitilar da ke gaban hotunan tsarkaka, sai ya shiga kunna ta da kansa. Shi ke dafa miya yanzu, miyar da ko kare sai ya yi tunani kafin ya sha. Mai gyaran kekunan nan ya zo har gida neman sa. Mutumin kirki ne, ya faskara mana itace, ya ce mini shakka ma hanyar bin Yesu ce, wai yanzu ne na fi kusa da shi. Na ce, “Ɗan'uwa, da can ina da ɗa a wani wuri. Yanzu ina da kusanci. Ka ci burodi ka kama hanya kafin motar yamma ta wuce.”

Ranar da Silviu ya cika shekara, Octav ya shigo da ƙunshi. Safa ce ta ulu, mai kauri. Ya ce, “Tashi mu je mu bayar, yaron ya samu. Na yi tunani, Profira, ni ne na ɓata. Yana isa. Yesu ya tashi da jikinsa, Silviu ma zai tashi, za ki gan shi.” Yana faɗa yana kallon murhu, kunnuwansa sun yi ja. Shekara talatin ina kwana kusa da mutumin nan, ranar ce ya fara yi mini ƙarya, kuma don yana sona ya yi. Na tausaya masa har na ce, “To, Malam, na ji.” Muka je maƙabarta. Na miƙa safar ta kan kabari, Gavril ya ce Allah ya karɓa, Octav ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa da ƙarfi don in gani. Ni kuma na yi murmushi don ya gani. Haka muka dawo, kowa yana yi wa ɗan'uwansa wasan kwaikwayo, muka zauna muka sha miyar.

Mafarkin ya daina zuwa. Matan coci sun ce alama ce ya samu, ya huta. Da can da na yarda, har in raba burodin zaƙi. Yanzu abin da na sani kawai shi ne ko ba takalmin ma ba na ganin sa. Kowace safiya Gavril yana wucewa ta gaban taga zuwa kanti, sanye da rigar. Ta yi datti a gwiwar hannu, aljihu ɗaya ya yage. Tana nan ƙauyenmu, Yaya, ba ta je ko'ina ba.

Ban tsani Octav ba. Shi ya sami Yesun da zai zauna da shi cikin duhu, ya kuma bar shi saboda ni. Ni wanda nake da shi mai buɗe kabari ne, na neme shi na rasa. Yanzu a gidan nan babu Yesun kowa.

Kin ce za ki zo hutun Ista ki yi wa marigayi mijinki Anghel sadakar shekara bakwai, har kin saya masa hula da bargo. Ki zo, ina marmarin ganinki, zan dafa alkamar, zan tsaya kusa da ke a bakin kabarin in amsa duk abin da ake amsawa. Abu ɗaya nake roƙonki don girman Allah. Kada ki tambayi Octav ko bargon zai isa. Ni ma kada ki tambaye ni.

Ki gaida tsohuwarki, ki rufe ƙirjinki da kyau in za ki fita.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Profira