Kaza da 'Ya'yanta a Saman Romi

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da su Hadassah? Yaya idon naka?

Ni lafiya lau. Abin da ka ji gaskiya ne: 'yan bangar unguwarmu ta Romi sun gan ni kan rufi da kyamara mai dogon baki, suka zaci bindiga ce, suka yi mini duka. Kumburin ya sauka, kada Mama ta damu.

Fitilun Kaduna sun cinye taurari, don haka sai an ɗauke wuta nake ɗaukar hoto. Ina haɗa hotunan a kwamfuta, ina goge jan hasken gari, har shuɗin hayaƙin da ya lulluɓe Kaza da 'ya'yanta ya fara fitowa.

Kai ka nuna mini taurarin nan ina yaro. Ko za a sake dukana, sai na kawo maka hotonsu ƙato, yadda idonka zai gani.

Ɗanka,
Ayuba