Koriyar Fitilar da Ta Ci Mini Ƙwai Ɗari Uku

Assalamu alaikum Malama mai wannan fili. A taimake ni. Shekara uku ke nan ina yawo da magana ɗaya a baki, duk wanda na tara sai ya ce in yi haƙuri. Ni ba haƙuri na rasa ba, amsa nake nema. Ban yi boko ba, tela maƙwabcina ne ke rubuta mini wannan, kuma na ce masa kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Sana'ata ƙyanƙyasar ƙwai. Shekara talatin da ɗoriya ina yi da akwatin katako da na haɗa da hannuna. Na ɗaura 'yar fitila a layi ɗaya da hita mai ɗumama ƙwan, wutar da za ta shiga hita sai ta bi ta cikinta. Hita ta mutu, fitila ta mutu. Daga bakin ƙofa in na leƙa na san halin da ƙwaina ke ciki.

To, autata ta yi karatun kwamfuta. Aikinta, yadda ta faɗa mini, rubuta umarnin da ke can cikin zuciyar na'ura, wanda ke gaya wa 'yan fitilun jikinta yaushe za su kama, yaushe za su ƙifta. Na ce yanzu duk karatun nan a kunna fitila ya ƙare? Ta yi dariya. Ita ce ta kawo wani ɗan akwati kamar na sabulu, ta cire fitilata, ta ce shi zai riƙa kula da zafi. Yana da koriyar fitila mai ƙiftawa biyu-biyu, wai bugun zuciya ke nan, muddin tana yi na'ura na da rai.

Da hita ta ƙone, kwana biyu ina leƙawa daga ƙofa yadda na saba, abar nan tana ta ƙifta mini ido. Ƙwai ɗari uku, saura kwana huɗu su fashe. Na sa hannu na ji su sanyi ƙalau kamar duwatsun rafi. Na kira autar tawa, wai fitilar ba ta yi ƙarya ba, ran kwamfuta take nunawa, ba na hita ba, zafi kuma a wayar hannu ake dubawa. Wace waya? Tawa ko hoto ba ta buɗewa. Ni kwamfuta na zuba a akwatin ko ƙwai?

Ba zan ɓoye ba, ranar da ta zo gaisuwa da mijinta da iyayensa, na ce duk karatunta bai kai guntuwar wayar da na murɗa da filaya ba. Uwarta ta ce bakina ya yi yawa. Ƙarya na yi?

Tun ranar ta bakin uwarta take gaishe ni. Bara ta aiko da wani akwatin da takarda shafi biyu da Turanci. Akwatin na kan kabad ban kwance shi ba. Takardar kuwa ban ba kowa a unguwa ba, ba zan zauna a karanta mini rashin kunyar 'yata a gaban mutane ba. Ga ta nan na liƙe na haɗo miki. Na mayar da fitilata, amma yanzu ko ita ban yarda da ita ba, sau ashirin nake shiga ɗakin ina taɓa ƙwai. Jikana ya fara tafiya, a wayar uwarta na gani.

Fitilar da aka sa wa mutum a gabansa, wa take yi wa magana, shi ko injin? Wani ya ba ni amsa. Kada a ce mini haƙuri.

Tsoho mai ƙwai

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Ba zan ce maka haƙuri ba. Mutum take yi wa magana, kuma a nan kai ke da gaskiya. Na tambayi masu wannan aiki, sun ce bugun zuciyar nan an yi shi ne don mai gyara ya san kwamfutar ba ta sandare ba, bai san komai game da zafi ba. Abin da 'yarka ta faɗa daidai ne. Kuskurenta shi ne ta cire fitilar da ka yi shekara talatin kana karantawa, ta sa wata a gurbinta mai faɗin wani abu daban.

Kai ma da naka. Gyara a gaban surukai ba gyara ba ne, tozarci ne, kuma ka sani, shi ya sa ka kasa zama wuri ɗaya.

Na buɗe takardar. Babu rashin kunya a ciki ko layi ɗaya. Ta ce ta yi wata shida tana rubuta sabon umarni: fitilar sabon akwatin ma'aunin zafi take bi. Zafi ya yi daidai, tana kunne ba ƙiftawa. Zafi ya sauka, ko kwamfutar kanta ta tsaya, sai ta mutu, kamar taka. Ta aika wa abokan aikinta, sun karɓa, kuma a saman bayanin ta rubuta cewa daga mahaifinta mai ƙyanƙyasar ƙwai ta koyi dabarar. Layin ƙarshe da Hausa yake: Baba, ka gwada, in bai yi ba ka faɗa mini ni kaɗai.

Ka sauko da akwatin. Ka gwada shi babu ƙwai, ka zare wayar hita da hannunka ka ga abin da fitilar za ta yi, kuma ka bar taka fitilar tana aiki a gefe, biyu ba su yi yawa ba. Amma kada ka ba tela ya haɗa maka. Ka kira ta da kanka, ba ta bakin uwarta ba, ka ce ta zo ta haɗa, ta taho da yaron.

Amsar da kake nema ta shekara a kan kabad ɗinka, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ƙyanƙyasar bana ta fita duka.