Kabad ɗin banɗakina ya ruɓe, jikata ta daina kwana

Malama, ki taimaka mini. Tun watan Yulin shekarar da na yi ritaya nake jin haushin ɗana. Ya zo ya tumɓuke tsohon kwamin wanke hannu mai ƙafar ƙarfe da muka tarar a gidan, wai ya tsufa, ya kafa kabad mai ƙyalli na dusar katako. Gidan tsoho ne, bangonsa na tsatsafo da danshi. Ba a jima ba kabad ya kumbura, ƙofarsa ta daina rufuwa, fumfuna ta baƙanta cikinsa. Na sake wani, shi ma haka. Ni da na yi shekaru ina koyar da kimiyya, yau ɗan akwati ya gagare ni. Idan baƙo ya nemi banɗaki sai in ce famfo ya lalace. Kullum ƙofa da taga a garƙame, kada wari ya tona mini asiri. 'Yata ta shiga rannan, ta fito ba ta ce uffan ba, ta ɗauki yarinyarta mai ciwon asma suka tafi. Fanshona ba yawa. Wane iri zan saya? Jikata ta daina kwana a gidana.

Wani dattijo

Baba, ka fara buɗe taga da ƙofar nan yau. Garƙamewar da kake yi ita ke ciyar da fumfunar. Sannan mai gyaran famfo ya duba bututun ƙasa, domin in akwai yoyo, kowane kabad ka sa zai bi sahun na baya.

Dusar katako ba ta shiri da ruwa. Ka nemi na roba mai kauri ko na alminiyom, ba su ruɓewa kuma kuɗinsu da sauƙi. In ka fi son abin da zai daɗe, magini ya ɗaga maka ɗan dakali na siminti ya shimfiɗa tayil, a ɗora kwamin a kai. Tunda bangon tsoho ne, kada ka rataya kabad a jikinsa. Ka zaɓi mai ƙafafu, ya ɗaga daga ƙasa, a bar ɗan fili bayansa iska ta wuce. A kankare bangon, ya bushe sarai kafin a kafa komai.

Ɗanka ya yi kuskure, amma gyara ya yi niyya, kuma shekarun haushin sun isa haka. 'Yarka ma ba gudunka ta yi ba, ƙirjin ɗiyarta take karewa, ta yi shiru ne don kada ta kunyata ka. Ka kira ta, ka gaya mata za a fitar da kabad ɗin, ka ce ta raka ka zaɓen sabo. Allah Ya ƙara lafiya, Baba, Ya ba yarinyar sauƙi.