Jikata Ta Ce Ni Hoto Ne

Malama mai fili, ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ba na son 'ya'yana su ji, abokan da zan gaya wa kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ni tsohon tafinta ne. Ƙuruciyata a ofishin watsa labarai ta ƙare, ina juya sanarwar hukuma zuwa Hausa. Yanzu ina zaune a gidan ƙarshe na layinmu, ni da littattafan da gara ke taya ni karantawa. Wayar intanet mai sauri ta shigo unguwarmu, ta zo turken da ke ƙofar shagon mai aski, ta tsaya cak. Kamfanin ya ce mu na ƙarshen layi ba mu kai yawan da za a ja mana ba. Sai ɗan abin da wayar hannu ke tsinta, ga tsada, kuma sai na manne da tagar kicin kafin ya kama.

'Yata tana aure nesa, tana da yarinya da ta fara surutu. In sun kira ni ta bidiyo sai fuskata ta daskare, baki buɗe kamar an kama ni ina hamma. Kwanan baya na jiyo mutuniyar tawa, muryarta na zuwa a gutsuttsure, tana gaya wa uwarta wai wannan ba mutum ba ne, hoto ne. Suka yi dariya, ni ma na yi. Tun ranar ba ta sake yarda ta zo gaban waya ba. Uwar ta damu, na ce mata ta kwantar da hankalinta, za a san yadda za a yi. Mai aski ya ce in riƙa zuwa shagonsa ina kira, amma ni ban saba baje hirar iyalina a gaban masu jiran layi ba.

Yanzu wai an fito da doka: za a kai intanet mai sauri kowane gida, a farashi mai sauƙi. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin za ta turo wakili ya saurari jama'a a makarantar unguwa. Tela da mai aski sun zo har gida, wai ni zan yi magana a madadinsu tunda na san harshen hukuma. To, sanin harshen ne ya hana ni. Malama, ba kalmar da hannuna ya rubuta kamar "za a". Za a gina, za a gyara, za a duba. Har na yi ritaya ban taɓa haɗuwa da wannan "a" ɗin ba. Ba shi da ofis, ba shi da fuska, ba a taɓa korarsa daga aiki ba.

In je da furfurata in zauna a bencin yara, wani mai kwat ya karanta mini "za a", in tafa masa? Ko in yi zamana, yarinyar ta girma tana ganin kakanta abin ratayewa a bango ne?

Tsohon Tafinta, gidan ƙarshe

Baba, sannu da haƙuri. A kan "za a" kana da gaskiya, kuma ba zan yi maka alkawarin cewa taron nan zai jawo waya ba. Kana iya dawowa da takaici. Sai dai takaicin zaman gida ma ai kana da shi a hannu.

Maƙwabtanka ba tafi suke nema a wurinka ba. Kai kaɗai a layin ka san inda ramin jimlar yake. Doka ta fi sanarwa da abu ɗaya: dole akwai wanda ta ɗora wa nauyi. Ka je ka tambayi wakilin, cikin natsuwa, wane ne "a" ɗin, kamfani ko hukuma. Ka tambaye shi ko "kowane gida" ya haɗa da gidajen da ke bayan turken mai aski, da wanda zai yanke farashin, da ƙofar da za ku buga in lokaci ya wuce shiru. Kada ka zauna sai an ambaci suna a gaban jama'a.

Ita kuwa mutuniyarka ba za ta jira hukuma ba. Yara da wuri suke yanke hukunci. Ka karɓi tayin mai aski, ka je da hantsi kafin shago ya cika. Ka kira ta, ka kaɗa kai, ka yi mata gwalo, ta ga hoton nan yana motsi. In masu jiran aski sun yi dariya, ba abin da ya ragu a jikinka.

Abu na ƙarshe, Baba, kada ranka ya ɓaci. Ka sake karanta abin da ka gaya wa 'yarka: za a san yadda za a yi. A gidanka dai mun san wane ne "a". Ka kira ta ka ce "zan".

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ka ji yarinyar nan ta kira ka Kaka da bakinta.