Saboda awon jini anka karɓe mini makarantar gidanmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni ɗan Tambuwal ne, mahaifinmu malami ne mai makarantar zaure, ni ne babban ɗansa, ni nika karantar da manyan ɗalibai in ba shi nan. Shekarun nan sai kasala ta kama ni, ga jin sanyi, ga ƙiba, ina biya karatu ina gyangyaɗi. Ba sunan da ba a kira ni ba, rago, sarkin kwana, har gaban ɗalibai Malam ya taɓa faɗa.

Da na gaji na tafi asibiti Sakkwato anka yi awo. Likita yac ce tayirod ɗina, abin nan na wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, shi ne aikinsa ya ɗan yi sanyi, kaɗan ne ma, amma kolestarol, wato kitsen cikin jini, ya hau, in anka bar shi yana iya taɓa zuciya nan gaba. Yac ce in rage man shanu da kitse, in riƙa tafiyar ƙasa, in koma a sake awo.

Wallahi murna na yi, na ce yau za a san ba lalaci ba ne. Sai na nuna wa ɗan baffana sakamakon, ma'aikacin lafiya ne a Kebbe. Kafin Juma'a dangi duk sun ji wai ciwon zuciya gare ni, ko yaushe ina iya faɗuwa. Mata har sannu suka yi mini a hanya.

Malam ya kira ni, ina zaton haƙuri zai ba ni. Sai yac ce, "Ka futa hakanan, ƙanenka zai riƙe makaranta. Ba a jingina gini ga katangar da ta tsage." Na ce likita bai ce haka ba, yac ce ai ɗan baffan nawa ma likita ne.

Yanzu ƙanena na zaune bisa buzuna, ɗaliban da na koya wa baƙi da wasali suna gaishe ni kamar mai jinya. In kai Malam wurin likitan ya ji da kunnensa, a ce ina jayayya da mahaifi kan shugabanci? Ko in yi shiru? Da ina rago ba su karɓe ba, sai da na nemi lafiya. Me za ni yi?